Madubin Bindiga Da Barewar Da Ta Kwana A Daji

A makon jiya wani matashi ɗan garinmu da ke karatun digiri na uku a nan Amurka ya bugo mini waya bayan sallar isha'i. Ya ce abokan karatunsa sun gayyace shi farautar barewa a watan Nuwamba. Ya gama kwas ɗin koyon farauta, ya yanki lasisi, an kuma yi masa alkawarin aron bindiga, sai dai babu madubin saiti a kanta. Ya ce, "Yaya, na ga wani a intanet, yana kusanto da abu har ninki 24, kuma dala 80 kacal. In saya?" Na ce masa kada ya taɓa shi, ya ba ni kwana biyu in rubuto masa dalili. Da na zauna rubutun sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na kawo ta wannan shafi.

Na san zancen bindiga ba abin wasa ba ne ga mai karatu a gida a wannan zamani, domin ƙararta ta raba mutane da yawa da gonakinsu da barcinsu. Ina neman afuwar wanda zancen ya sosa wa miki. Bindigar da nake magana a kanta ta neman nama ce, mai lasisi, mai ƙayyadadden lokaci, wadda ake kulle ta a akwatin ƙarfe kusan duk tsawon shekara. Shi kansa matashin nan, dokar tarayyar Amurka ta hana mai bizar karatu irinsa riƙe bindiga, lasisin farautar da ya yanka ne ya buɗe masa ƙofa.

Dabbar da ake farauta a nan muna ce mata barewa ne don rashin wani suna, amma ba irin tamu ba ce. Ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, tana ɗaga ta kamar tuta idan ta firgita. Namijin yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa kowace shekara ya tsiro da sabo. Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da ita da farautar kasuwa, har aka ƙiyasta abin da ya rage bai wuce dubu 500 ba a duk faɗin ƙasar. Dokokin farauta, da harajin da aka ɗora wa bindigogi da harsasai tun 1937 ake zuba shi a kula da namun daji, su suka farfaɗo da ita. Yau ana maganar kimanin miliyan 30, har ta zama fitina ga manoma da direbobi. A jihar Wisconsin inda nake zaune, lokacin farautarta da bindiga kwana tara ne, yana farawa ranar Asabar ta kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma mutane fiye da dubu 500 ne suke yankar lasisi. Barewa ɗaya takan ba da tsokar nama wajen kilo 20 zuwa 25. Duk wanda ya san tsadar naman halal a ƙasar nan ya san abin da ya ja ni daji.

Akwai kuma gado. Kawuna maharbi ne, da bindigar toka ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, ina yaro ni ke riƙe masa jakar albarushi. Saboda haka da wani dattijo Ba'amurke abokin aikina ya ce in zo gonar gidansu a tuddan kudu maso yammacin jihar, na amsa da ƙarfin gwiwar wanda ya yi imanin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi ya ba ni aron bindiga mai cin harsashi lamba .308, ya ce madubi kuwa in nemi nawa, ya ba ni shawarar mai rubutun 3-9x40. Na raina shawarar. Na shiga intanet na ga wani mai rubutun 6-24x50, dogo kamar taɓarya, da maɓallai ta kowane gefe, ga fitila ja da kore a cikinsa, kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba. A lissafina 24 ta fi 9, 50 ta fi 40, ga kuma araha. Da dattijon ya gan shi sai ya juya shi a hannu, ya ce, "Dajin gidanmu ba ya da wurin da za ka hangi abu daga yadi 150." Bai ƙara ba. Mutanen nan ba su cika nanata nasiha ba.

Lambobin nan ga abin da suke nufi. Biyun farko, 3-9, iyakar kusantarwa ce: madubin yana iya nuna abu kamar ya matso ninki uku, a murza zobe ya kai har ninki tara. Ta ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ne da milimita. Abin da ɗan koyo ba ya sani, kuma masu talla ba sa gaggawar gaya masa, shi ne kusantarwa ba kyauta take zuwa ba. Duk ninkin da ka ƙara, da wani abu ka biya shi.

Abu na farko da ake biya da shi faɗin gani ne. A ninki uku, madubi na yau da kullum yana nuna maka fili mai faɗin ƙafa 30 da wani abu a nisan yadi 100. A ninki tara filin ya koma wajen ƙafa 13. A ninki 24 bai wuce ƙafa huɗu ko biyar ba. To, a yadi 100 ke nan. Barewar daji mai duhuwa kuwa a yadi 40 ko 50 take ɓullo maka, inda filin ya ragu da rabi ko fiye.

Wannan lissafin ban koye shi a takarda ba. Ranar buɗe farauta mun hau tudu tun da sauran duhu, sanyi yana ratsa safar hannu biyu. Doka ta yarda a fara harbi minti 30 kafin fitowar rana, wato wajen ƙarfe shida da rabi. Dattijon ya ajiye ni a gindin wata bishiya ya wuce nasa wurin. Da gari ya ɗan waye na yi ta wasa da madubin, ina murza zoben ina ƙirga rassan wata bishiya can ƙetaren kwari, ina jin daɗin kayana, na bar shi a ninki 18 na manta. Wajen ƙarfe takwas sai na ji ƙarar busasshen ganye. Ga namijin barewa yana tafe a hankali, bai fi yadi 40 ba. Na ɗaga bindiga na sa ido, ban ga komai ba sai ɓawon itace. Na sauke na dube shi da ido, yana nan. Na sake ɗagawa, na lalubo, na lalubo, sai gilashin ya cika da gashi ruwan toka, dishi-dishi, babu kai babu ƙafa, kuma giciyen saitin yana rawa da kowane bugun zuciyata. Na ɗauka kafaɗa ce. Na yi bisimilla na ja kunama.

Ba kafaɗa ba ce. Ya gantsare ya shige duhuwa da gudu. Da dattijon ya zo ya durƙusa ya duba jinin da ke kan ganye, ya shinshina, ya ce harsashin ya sauka baya da yawa, a ciki ya same shi, ba a huhu ba. Ya ce irin wannan rauni yana kisa amma ba da wuri ba, in muka bi shi yanzu zai yi ta tashi yana ƙara nisa, dole mu ba shi sa'o'i. Muka jira har bayan azahar. Muka bi ɗigon jini, wani wuri a tsaye wani wuri da rarrafe, har ya ɓace mana a bakin wani rafi. Rana a wannan lokacin kafin ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi. Muka ci gaba da tocila har batir ya yi sanyi. Washegari da hantsi muka same shi cikin ciyawa, nisan da bai kai rabin mil ba daga inda muka tsaya, ya mutu cikin dare, karnukan daji sun riga mu cinyarsa.

A daren da muka rasa shi ban yi barcin kirki ba, kuma ba nama nake tunani ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin farauta. Ibn Abi Zaid ya kawo cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, ya kuma kawo cewa abin da ka harba in ka riske shi da rai sai ka yanka, in kuwa ya kwana ba ka gan shi ba to akwai magana a kan cinsa, ko da yake an sassauta idan an tarar makamin ya samu makasa. Nawa bai samu makasa ba, ga kuma haƙoran karnuka a jikinsa. Lokacin da muke karanta babin ina ɗaukarsa zancen mutanen da, masu kwari da baka. Ban taɓa zaton zan tsaya a kan gawar dabba a wata ƙasa ina tuna shi ba. Na rubuta shi a kan lasisina kamar yadda ya kamata, tunda ni na kashe shi, amma ko tsoka ɗaya ba ta shiga gidana ba. Dabba ta kwana tana shan azaba, kuma ba yunwa ce ta jawo mata ba, kwaɗayina ne na lamba mai girma.

Da na ba Kawu labari ta waya ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni taku nawa ne tsakaninmu. Na ce kamar arba'in. Ya ce, "Taku arba'in, ɗana, har kana neman tabarau? Mu da bindigar toka ai sai mun ga ƙiftawar idonta." Na ce, "Kawu, tabaran ne ya hana ni ganinta." Ya yi dariya har da tari. Gaskiyarsa, bindigarsa ba ta kai nesa, don haka duk gwanintarsa ta tafi ga sanɗa da sanin iska. Madubi yana sa ɗan koyo ya ji kamar ya tsallake wannan karatun, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abu na biyu da ake biya da shi haske ne, kuma nan ma lissafin mai sauƙi ne. Ka raba faɗin gilashin gaba da ninkin kusantarwa, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fitowa ta baya ya shiga idonka. Madubi mai 40 a ninki takwas yana ba da milimita biyar. Mai 50 a ninki 24 yana ba da milimita biyu da 'yan kai. Ƙofar ƙwayar idon mutum a duhu takan buɗe har wajen milimita bakwai ga matashi, ta ragu zuwa wajen biyar idan shekaru sun ja. To barewa dabba ce ta asuba da almuru, lokacin da ido ya buɗe yana neman haske. Ka ba shi zare mai kaurin milimita biyu, sai hoton ya dushe, kuma da ka ɗan karkata kai ya ɓace baƙi ƙirin. Wannan lissafin ne kuma ya nuna cewa gilashin gaba mai girman gaske ba ya ƙara wa mai ninki huɗu ko biyar komai, domin ido ba ya karɓar fiye da abin da ƙofarsa ta ɗauka. Sai dai ya ƙara nauyi, ya tilasta a ɗaga madubin sama da bindiga, har kuncinka ya rabu da ƙota kana leƙe kamar mai duba katangar maƙwabci. Abin da ke raba madubi mai haske da mai duhu, in girmansu ɗaya, shi ne ingancin gilashin da shafen da aka yi wa kowace fuskarsa don kada haske ya tarwatse. Wannan ba a ganinsa a hoton talla. Sai ka ɗauki madubin ka fita da shi ƙofar kanti da magariba, in mai kantin ya yarda, ka duba inuwar ƙarƙashin mota.

Akwai wani awo da ba ya cikin manyan lambobin, a ƙananan rubutun kwali ake samunsa, shi ne tazarar da za a bari tsakanin ido da madubi a ga hoto cikakke. Bindigar barewa tana tokari da ƙarfi. In tazarar ta gaza, bakin madubin zai dawo ya sare ka a gira, kuma a filin gwajin harbi na ga manya da wannan tambari kamar jinjirin wata. Kada ta gaza inci uku da rabi, huɗu ya fi. A yawancin madubai tana raguwa idan an ƙara ninki, don haka a ɗaure madubin yana kan ninkinsa na ƙarshe, kuma kana sanye da rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, ba 'yar shara ba.

Giciyen da ke ciki ba ya bukatar dogon zance. Wanda kamfanin Leupold ya fito da shi a 1962, mai kauri daga gefe huɗu ya sirance a tsakiya, har yau shi ne ya fi dacewa da ɗan koyo, domin ido yana kama shi a duhu ya kai shi tsakiya da kansa. Masu ɗigo-ɗigo da lambobi kamar allon lissafi an yi su ne don masu harbin yadi 500, waɗanda ke da lokacin ƙirga. Harsashin .308 da aka saita a yadi 100 ba ya sauka fiye da wajen inci huɗu a yadi 200, makasar barewa kuwa, wato huhu da zuciya, faɗinta kamar farantin cin abinci ne, inci takwas ko tara. Wanda ba zai wuce yadi 200 ba, kuma bai kamata ɗan koyo ya kai can ba ma, ba shi da abin da zai ƙirga.

Inda araha ta fi cutarwa a ciki ne, inda ba a gani. Bayan abin da ya faru na koma filin gwaji da madubin nan, don in san ko laifina ne ni kaɗai. Maɓallan saiti an rubuta kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi rubu'in inci a yadi 100. Na murza takwas, ya kamata ya matsa inci biyu, bai motsa ba. Na sake harbi sai ya yi tsalle inci biyar. Na shiga da shi ɗakin ɗumi na fito, sai tururi ya rufe gilashin daga ciki inda hannu ba ya kaiwa. Madubin kirki ana cika shi da iskar naitirojin ko agon a toshe shi ruf don kada hakan ta faru, dabarar da aka sani tun ƙarshen shekarun 1940. Kwalin nawa ma ya yi da'awar haka. Ba na ɗora masa alhakin barewar, ni na bar shi a ninki 18, ni na ja kunama ban ga abin da nake harbi ba. Amma da na yi komai daidai ma, ba ni da tabbacin inda harsashin zai sauka.

Wanda nake amfani da shi yanzu 2-7x33 ne, na saye shi wajen dala 200, na ƙara wasu 50 a kan zobban ɗaure shi, domin madubi mai kyau a kan zobba marasa kyau kamar doki ne da ruɓaɓɓiyar majanyi. Da 3-9x40 na saya, da ban yi kuskure ba, kuma shi zan ce wa matashin nan ya saya, saboda inda za su akwai gonakin masara masu fili. Manyan kamfanonin da aka sani, irin su Leupold na jihar Oregon da Vortex da ke nan Wisconsin, suna ba da garanti na tsawon rai, abin da ke da amfani ga mai kuɗin ɗalibi. Masu dala 1,000 suna da kyau, na leƙa su na gani, amma ratar da ke tsakanin na 80 da na 200 ta fi wadda ke tsakanin na 200 da na 1,000 ga mai harbi a yadi 60. Ragowar kuɗin harsashi ya fi cancanta da su. Ina barin zoben a ninki mafi ƙanƙanta koyaushe. Dabbar da ke nesa takan ba ka lokacin murzawa sama, ta kusa ba ta ba ka lokacin murzawa ƙasa. Barewa uku na samu da shi cikin shekaru biyu, ba wadda ta wuce yadi 70, ba wadda na wuce ninki huɗu a kanta, ba kuma wadda ta yi nisa bayan harbi. Ɗaya na riske ta da sauran rai na yanka.

Saura magana ɗaya da ta fi duk waɗannan nauyi, ita ce ma ta sa na ƙi madubi mai kusantarwa da yawa ga ɗan koyo ko da mai tsada ne. Yana jarabtar mutum ya mai da shi abin hangen nesa. Ka ji motsi a ƙetaren kwari, sai hannu ya ɗaga bindiga don a duba mene ne. In ya zamana mutum ne, to ka riga ka auna ɗan Adam da bindiga mai harsashi a ciki, da yatsa mai sanyi kusa da kunama. Dokar jihar nan ta wajabta wa mafarauci aƙalla rabin tufafinsa na sama su zama ruwan lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli, amma manomi da ke zagaya shingensa ko yaron da ya fito da kare ba lalle su sa ba. A kwas ɗin farauta suna nanata cewa ka tabbatar da abin da kake auna da abin da ke bayansa, kuma madubi mai matse gani yana ɓoye maka na bayan ne gaba ɗaya. Na taɓa hangen wani a kan tudu yana duba ni ta madubin bindigarsa. Ban san shi ba, ina kyautata zaton bai nufe ni da sharri ba, amma na bar wurin ban koma ba ranar. Tun daga nan ba na shiga daji sai da ƙaramin tabaran hangen nesa mai ido biyu rataye a wuya, bindiga kuwa tana kan cinya har sai na san abin da ke gabana.

Matashin ya sake bugowa jiya, ya ce ya samu 3-9x40 a kan dala 170, kuma ya riƙe 80 ɗin nan don harsashi. Zai zo ranar Asabar mu je filin gwaji. Za mu fara daga yadi 25, inda kowane inci ɗaya ke cin ƙas 16, mu koma 100 mu daidaita, sa'an nan in tashe shi daga kan teburi. Na sayi farantan takarda guda 50. Zai harbe su a zaune a ƙasa da kuma a durƙushe, cikin rigar sanyinsa, kuma nisan da ya iya zuba biyar cikin biyar a faranti shi za mu rubuta a takarda mu manna a ƙotar bindigar kafin Nuwamba.